Ƙwaryar Goro

Mun bar Agege kafin masu shayi su hura wuta,
Baba Mati a gefen tagar danfo,
hularsa a gwiwa, yana ƙirga gadoji da leɓe.
Idi-Araba, hawa na biyu, kujerun roba,
fanka na juyawa kamar wadda aka yi wa dole.

Dakta Oyelaran ba ta kai ni shekaru ba.
Ta ce in zauna tsakani, in zama bakinsu.
Turanci ya shiga ta kunnena,
Hausa ta fita ta bakina,
abin da ya zube a hanya ni kaɗai na san yawansa.

Shekarunsa nawa?
Kati ya ce tamanin da ɗaya.
Shi ya ce shekarar da fara ta cinye geron Tsafe.
Wani malamin ofis ne ya dubi furfura ya yanke.

Ta ba shi kalmomi uku ya ajiye:
lemo, mabuɗi, ƙwallo.
Ya karɓa kamar ajiyar baƙo.

Wane wata muke ciki?
Ya ce, Sha'aban, yau sha ɗaya.
Ta duba takarda.
Takarda ba ta san Sha'aban ba.
Biro ya ja ɗan gajeren layi.

Ya zana agogo, ya sa hannu a sha ɗaya da minti goma.
Mutumin da inuwar bangon masallaci ke gaya wa lokaci,
sai kukan jirgin ƙasa da yamma.
Ya ja da'ira, ta fito kamar faifai,
ya dube ni: hannun wa za a sa ciki?

Ɗari a cire bakwai, a yi ta cirewa.
Shiru.
Fanka ta zaga, ta sake zagawa.
Ya ce, ɗarin me?

Nan na saci hanya.
Na ce, Baba, ƙwaryar goro ce a gabanka,
wani ya ɗebi bakwai.
Ya gyara zama.
Saura casa'in da uku. Ya biya?
Ya ƙara bakwai, Baba.
Tamanin da shida. Gaya masa bashi ba ya kwana a rumfata.
Saba'in da tara. Saba'in da biyu.
Sittin da biyar, kuma a duba aljihun yaron nan.

Likita ta ɗago: me kika ce masa?
Na faɗa.
Ta yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi.
Ta ce ƙa'ida ita ce a yi tambaya yadda aka rubuta ta.
Sai ta juya biro, ta yi ɗan rubutu a gefen shafi,
inda babu akwatin maki.

Na ji kamar na ci shari'a.

Sannan ta nemi ajiyarta, kalmomin nan uku.
Ya laluba. Ya ce, mabuɗi.
Ya sake lalubawa.
Ya juyo gare ni, fuskarsa a sake,
ya ce, Kande, kin sauke tukunyar?
Yara sun kusa tasowa.

Kande ta haife ni.
Shekara tara ke nan da muka kai ta makwanci.
Na jujjuya Hausar da ke bakina,
ban sami yadda zan sake tambayar ba.

A hanyar gida, cunkoson Oshodi,
kwandasta ya miƙo canji ya rage naira hamsin.
Baba ya kama hannun rigarsa, cikin Yarabancin kasuwa
ya karɓe ta tsaf, ya damƙa mini.
Ruwa ya fara bugun rufin mota.
Ya jima yana kallon masu tallan burodi,
sannan a hankali, don kada na baya su ji,
ya ce, yarinya, ina za mu?